Yadda Ake Fitar da Zanen Ƙarfin Yanka da na Ƙarfin Lanƙwasa a Jikin Bim

Duk bim ɗin da aka ɗora wa nauyi, na kankare ne a kan ginshiƙai, ko na ƙarfe a ƙarƙashin gada, ko ma azarar da aka gitta a kan katangun soro, akwai abubuwa biyu da ke gudana a cikin jikinsa waɗanda ido ba ya ganinsu sai ranar da tsaga ta fito. Na farko, nauyin yana neman ya sa wani yanki na bim ɗin ya zame ƙasa ya bar na kusa da shi a sama, kamar yadda bakunan almakashi suke goga juna su wuce. Wannan shi ne ƙarfin yanka, kuma littattafan injiniya suna yi masa alama da harafin V, kodayake waɗanda suka yi karatu da Faransanci, irin 'yan'uwanmu na Nijar, sukan tarar da harafin T a wasu littattafan. Na biyu, nauyin yana neman ya tanƙwara bim ɗin, gefe ɗaya ya matse, ɗaya gefen ya miƙe. Wannan shi ne ƙarfin lanƙwasa, alamarsa M. Da yake girman kowannensu yana sauyawa daga wuri zuwa wuri a tsawon bim ɗin, ana fitar da zane biyu da za su nuna shi a kowane taku, waɗanda ɗalibai ke taƙaita sunansu na Turanci da SFD (na yanka) da BMD (na lanƙwasa).

Amfaninsu a wurin gini a fili yake. Kankare yana jure matsi ƙwarai amma ba ya jure ja, saboda haka zanen lanƙwasa ne ke nuna gefen da za a sa manyan rodi, sama ko ƙasa, da inda za su fara da inda za su ƙare, zanen yanka kuma shi ke nuna inda za a matso da ring, wato ƙananan rodin da ke zagaye manyan, kusa da juna. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina wannan aiki ina kuma duba na masu koyo shi ne, yawancin masu kuskure ƙa'idoji suka haddace, irin su wL²/8 (w nauyin da ke kan kowace mita, L tsawon tazarar bim), suna liƙa su a kan kowane bim da suka gani. Hanyar da zan bi a nan ba ta buƙatar hadda. Za ka bi bim ɗin ne daga hagu zuwa dama kana lissafa abin da ka tarar a hanya, idan ka isa ƙarshe kuma zanen da kansa zai nuna maka ko ka yi daidai.

Kayan aiki

Takardar giraf mai gidajen milimita ita ce ta fi dacewa. Idan babu, takardar littafin lissafi mai gida-gida ta wadatar, kai ko farar takarda ma, muddin za ka ja layukan tsaye da kanka. Sai rula mai santimita 30, da fensir mai kaifi, da abin gogewa, da kalkuleta ko da ta waya ce. Fensir na ce, ba biro ba, domin da wuya mutum ya gama wannan aiki bai goge wani abu ba. Lanƙwasasshiyar rula ta masu zane tana taimakawa wajen jan layi mai baka. Wanda ba shi da ita sai ya samu tsinken tsintsiyar kwakwa mai laushi, ya tanƙwara shi ya bi ɗige-ɗigen da ya sa, wani ya riƙe masa shi kuma ya ja layin. Ina kuma ba mai koyo shawara ya ajiye guntun soson katifa mai tsawon kamar taƙi ɗaya, ya ja masa layukan tsaye a gefe da biro. Duk sa'ad da ya rikice game da gefen da ke miƙewa, sai ya tanƙwara soson yadda bim ɗin zai tanƙwaru: inda layukan suka buɗe nan ne ja, inda suka matso juna nan ne matsi.

Abin da za a riƙe kafin a fara

Ana auna nauyi da kiloniyuton, a rubuce kN, kuma kN ɗaya ya kai nauyin kilo 102 ko kusa da haka, wato buhun siminti biyu da ɗan ɗoriya. Nauyin da aka fi haɗuwa da shi iri biyu ne. Akwai nauyin wuri guda, kamar ƙaramin bim da ya hau kan babba, ana rubuta shi da kN. Akwai kuma shimfiɗaɗɗen nauyi, kamar katangar bulo da aka jera a tsawon bim ko nauyin bim ɗin kansa, ana rubuta shi da kN/m, ma'ana nauyin da ke kan kowace mita. Bim na kankare mai faɗin milimita 230 da zurfin 450, alal misali, nauyin jikinsa shi ne 0.23 × 0.45 × 24 (24 ɗin nauyin kankare ne da kN a kowace mita kubik), kimanin 2.5 kN/m, tun ba a ɗora masa komai ba. Shi kuwa ƙarfin juyi, wanda ƙarfin lanƙwasa nau'insa ne, ƙarfi ne sau nisa, ma'auninsa kNm.

Madogarar bim iri uku ce a lissafi. Mai fil tana hana bim motsi sama da ƙasa da gefe amma tana barin sa ya juya. Mai taya sama da ƙasa kawai take hanawa. Kafaffiya kuwa, irin tushen baranda da aka zuba tare da ginin, tana hana duka har da juyawa. Ƙarfin da madogara ke turo bim da shi don ta riƙe shi, shi ne martaninta.

Dokokin daidaito biyu ne za su yi mana aikin duka: jimillar ƙarfin da ke turawa sama daidai take da jimillar wanda ke dannawa ƙasa, kuma a kowane wuri ka tsaya, jimillar juyin da ke bin hannun agogo daidai take da jimillar wanda ke saɓa masa.

Saura alamu, kuma a nan ne rikici ya fi yawa, domin littattafai ba su haɗu a kan tsari ɗaya ba. Ga wanda za mu bi. Wajen yanka, idan ka datse bim ɗin a zuci ka dubi ɓangaren hagu, ƙarfin da ke turawa sama tarawa ne (+), mai dannawa ƙasa debewa ne (−). Wajen lanƙwasa, idan bim ya lotsa kamar ƙwarya a ɗage, ƙasansa na miƙewa, tarawa ne. Idan ya yi doro kamar tozon raƙumi, samansa na miƙewa, debewa ne. Ka rubuta tsarin da ka zaɓa a kusurwar takardarka, kada ka sauya shi a tsakiyar aiki.

Misalin da za mu bi

Bim ne mai tsawon mita 8. Madogara mai fil tana A, a farkon hagu. Mai taya tana C, mita 6 daga A. Sauran mita 2, daga C zuwa D, sun leƙo waje babu abin da ya tokare su. Daga A zuwa C akwai shimfiɗaɗɗen nauyi 10 kN/m. A B, mita 2 daga A, ƙaramin bim ya sauke 12 kN. A bakin D akwai 6 kN, a ɗauka tankin ruwa ne mai cin lita 600 ko kusa da haka. Na bar nauyin jikin yankin da ya leƙo don lissafin ya yi sauƙi. A aikin gaske dole a sa shi.

Mataki na 1: Zana bim ɗin shi kaɗai, ka ja layukan tsaye

A saman takardar ka ja bim ɗin bisa ma'auni, santimita 2 a madadin kowace mita, tsawonsa ya zama santimita 16. Cire ginshiƙan, ka sa kibiya mai kallon sama a gurbin kowannensu, ka kira su RA da RC. Sa kibiyoyin nauyi da girmansu da nisan da ke tsakaninsu. Daga nan ka ja siraran layukan tsaye daga A, B, C da D har ƙasan takardar, wato daga duk inda akwai madogara, ko nauyin wuri guda, ko farko da ƙarshen shimfiɗaɗɗen nauyi. A ƙarƙashin bim ɗin ka ja layin kwance na sifili don zanen yanka, a ƙarƙashinsa kuma wani don zanen lanƙwasa, ka bar fili sama da ƙasan kowanne. Zane ukun su kasance a jere, wannan a kan wancan, a shafi ɗaya. Wanda ya kai zanen lanƙwasa wani shafi ya raba shi da zanen yanka, alhali daga na yankan ake karanta shi.

Mataki na 2: Nemo martanin madogara

Don wannan mataki kaɗai, ka dunƙule shimfiɗaɗɗen nauyin ya zama na wuri guda: 10 × 6 = 60 kN, yana zaune a tsakiyar shimfiɗarsa, mita 3 daga A. Sai ka tsaya a A ka lissafa juyi. An zaɓi A ne domin RA ba shi da nisa daga nan, juyinsa sifili ne, RC kaɗai ya rage ba a sani ba.

RC × 6 = (60 × 3) + (12 × 2) + (6 × 8) = 180 + 24 + 48 = 252, saboda haka RC = 42 kN.

Jimillar nauyin da ke dannawa ƙasa 60 + 12 + 6 = 78 kN ce, don haka RA = 78 − 42 = 36 kN.

Kada ka wuce nan sai ka gwada amsar ta wata hanya dabam, domin idan RC ya karkace, RA ma zai karkace tare da shi, jimillarsu kuma ta ci gaba da ba da 78 kamar babu laifi. Koma C ka sake lissafin juyi: RA × 6 = (60 × 3) + (12 × 4) − (6 × 2) = 180 + 48 − 12 = 216, wanda ya ba da 36. Lura da cewa 6 kN na D debe shi aka yi, saboda yana ɗaya gefen C, juyinsa ya saɓa wa na sauran. Manta wannan alama na cikin kurakuran da na fi gani. Idan kuma martani ya fito da alamar debewa, ba lallai kuskure ba ne: yana nufin madogarar janyo bim ɗin ƙasa take yi, abin da kan faru idan nauyin yankin da ya leƙo ya rinjayi na ciki.

Mataki na 3: Zanen ƙarfin yanka

Yanzu ka manta da dunƙulallen 60 kN ɗin nan, ka mayar da nauyin a shimfiɗe yadda yake. Wanda ya bar shi a dunƙule zai sami zane mai matakala a tsakiyar bim, kuma duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Ɗora fensir a kan layin sifili a A, ka bi kibiyoyi. Kibiya ta tura sama, ka hau tsaye da girmanta. Ta danna ƙasa, ka sauka tsaye da girmanta. A ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen nauyi ka gangara a hankali a miƙe, kana rage girmansa a kowace mita. Inda babu nauyi ka tafi a kwance.

A A, RA ya ɗaga ka zuwa +36. Daga A zuwa B mita 2 ne, kowace mita na cin 10, ka iso B a kan 36 − 20 = +16. Nan 12 kN ya saukar da kai tsaye zuwa +4. Daga B zuwa C mita 4 ne, an ci 40, ka iso C a kan 4 − 40 = −36. RC ya ɗaga ka da 42 zuwa +6. Daga C zuwa D babu nauyi, ka tafi a kwance a kan +6, a D kuma 6 kN ya sauke ka a kan sifili daidai.

Wannan dawowa kan sifili ita ce shaidarka. Idan ka isa ƙarshen bim fensirinka na rataye a sama ko a ƙasan layi, akwai kuskure a martani ko an tsallake wani nauyi, kuma ba a gyara shi da karkatar da layi don ya rufe. Ka kuma saba rubuta lamba biyu a duk inda akwai nauyin wuri guda ko madogara, ta dab da hagu da ta dab da dama, kamar +16 da +4 a B, ko −36 da +6 a C.

Mataki na 4: Nemo inda yanka ya ratsa sifili

Alaƙa ɗaya ce tsakanin zanen biyu da ya wajaba ka fahimta: girman ƙarfin yanka a kowane wuri shi ne gangarar zanen lanƙwasa a wurin, abin da masu lissafi ke rubutawa dM/dx = V. Muddin V na sama da sifili, M hawa yake yi. Da zarar V ya koma ƙasa, M ya fara sauka. Ke nan inda V ya ratsa sifili nan ne M ya kai ƙololuwa ko ya kai ƙarshen zurfinsa.

A misalinmu ya ratsa sau biyu. Na biyun a C ne, inda ya yi tsalle daga −36 zuwa +6. Na farkon yana tsakanin B da C, kuma lissafa shi ake yi, ba aunawa da rula ba: a B saura +4, ana cin 10 a kowace mita, don haka nisan 4 ÷ 10 = mita 0.4 ne daga B, wato mita 2.4 daga A. Sa wa wurin suna E, ka ja masa nasa layin tsaye zuwa ƙasa.

Mataki na 5: Lissafa ƙarfin lanƙwasa a muhimman wurare

Daga waccan alaƙa ne hanya mafi sauri ta fito: bambancin M tsakanin wurare biyu daidai yake da girman filin da zanen yanka ya rufe a tsakaninsu. Filin da ke sama da layin sifili ana tara shi, na ƙasa ana debe shi.

A A, M sifili ne, domin madogara mai fil a ƙarshen bim ba ta hana juyawa. Daga A zuwa B filin yana da tsayi 36 a gefe ɗaya, 16 a ɗaya gefen, faɗinsa 2: (36 + 16) ÷ 2 × 2 = 52, don haka M a B = +52 kNm. Daga B zuwa E ƙaramar alwatika ce, ½ × 4 × 0.4 = 0.8, M a E ya zama +52.8 kNm. Daga E zuwa C babbar alwatika ce a ƙasan layi, faɗinta 3.6, zurfinta 36: ½ × 36 × 3.6 = 64.8, M a C ya zama 52.8 − 64.8 = −12 kNm. Daga C zuwa D filin 6 × 2 = 12 ne a sama, M a D ya koma −12 + 12 = 0, kamar yadda ya dace da bakin da babu abin da ya riƙe shi. Zane na biyu ma ya rufe.

Dubi abin da hadda za ta jawo a nan. Mai liƙa wL²/8 zai sami 45 kNm a tsakiyar tazara, ya gaza da kusan 8, kuma ba zai ga −12 na C ba sam. Ƙa'idar gaskiya ce, amma ta bim mai madogara biyu a ƙarshensa ce, da shimfiɗaɗɗen nauyi kaɗai daga farko har ƙarshe. Darasin da ke cikinta wanda ya cancanci riƙewa shi ne L ɗin sau kansa ake yi: 10 kN/m a tazarar mita 3 yana ba da 11.25 kNm, a mita 6 kuwa 45, ninki huɗu. Maginan gargajiya sun san haka a aikace, shi ya sa ba sa gitta azara a kan ɗaki mai faɗi sai sun rage tazarar da ginshiƙi ko sun ɗaure baka.

Mataki na 6: Haɗa ɗige-ɗigen da layin da ya dace

Sa ɗigo a kan kowane layin tsaye, na tarawa a sama, na debewa a ƙasa. Siffar layin da zai haɗa su daga zanen yanka ake karanta ta. Inda V yake kwance, M miƙaƙƙen layi ne mai gangara, kamar daga C zuwa D. Inda V yake gangara a miƙe, M baka ne irin wanda ake kira farabola, kuma a ƙarƙashin nauyi mai dannawa ƙasa bakan kamar ƙwarya a kife yake, ba a ɗage ba. Inda V ya yi tsalle, M yana yin gwiwa: a B gangarar ta karye daga 16 zuwa 4, a C kuma zanen ya yi tsini mai kallon ƙasa. A E babu gwiwa, bakan yana kwanciya ne a hankali ya juya.

Don bakan ya fito da kyau ka ƙara ɗigo a kowace mita. A mita 1 daga A za ka sami 31, a mita 3 ka sami 51, a mita 4 ka sami 40, a mita 5 ka sami 19. A nan tsinken tsintsiya zai yi amfaninsa.

Za ka tarar injiniyoyin gini da yawa suna kifar da wannan zane, su sa lotsawa a ƙasan layi, doro a sama, domin zanen ya faɗo a gefen da ke miƙewa, wato gefen da rodi zai zauna. Lambobin ba su sauya ba. Ni ma haka nake yi a ofis, amma mai koyo ya fara da tarawa a sama har hannunsa ya faɗa, kuma kowanne ya bi ya rubuta a jikin zanen wane gefe ne ja.

Mataki na 7: Wurin da lanƙwasa ta juya, da gwaji ta hanyar datsa

Tsakanin E da C zanen ya ratsa sifili, daga lotsawa ya koma doro. Daga ƙololuwar E, M yana raguwa da 10 × d² ÷ 2, wato 5d², inda d yake nisa daga E. Sai a ce 5d² = 52.8, d² = 10.56, d = 3.25. Wurin yana mita 5.65 daga A, saura mita 0.35 a kai C.

Kafin ka amince da zanen, zaɓi wuri ɗaya ka gwada shi ba tare da hanyar fili ba. Datse bim ɗin a mita 4 daga A, ka rufe hagu da tafin hannu, ka dubi dama kawai. Wajen lanƙwasa, ta kowane gefe ka duba, ƙarfi mai turawa sama tarawa yake bayarwa, mai dannawa ƙasa debewa. RC yana nisan mita 2: +84. Shimfiɗaɗɗen nauyin mita 2 da ya rage 20 kN ne a nisan mita 1: −20. Nauyin D yana nisan mita 4: −24. Jimilla 40, daidai da abin da muka samu ta hagu. Wannan hanya ta datsa ita ce asali, kuma ita za ka koma wa duk lokacin da siffar filin ta yi wuyar lissafi. Sai dai wajen yanka, idan ta dama ka duba, alamun juyawa suke yi: mai dannawa ƙasa ne tarawa.

Mataki na 8: Karanta abin da ka zana

Rubuta sakamako uku a ƙasan takardar: yanka mafi girma 36 kN, a A da kuma dab da hagun C; lotsawa mafi girma 52.8 kNm, mita 2.4 daga A; doro mafi girma 12 kNm, a kan C. Ma'anarsu ita ce manyan rodi suna ƙasa daga A har kusa da C, suna sama a kan C da duk yankin da ya leƙo, ring kuma suna matsowa kusa da juna a wajen madogara biyun. Rodin sama ba a yanke shi daidai kan mita 5.65, ana zarcewa da shi ciki don ya sami kamu a kankare, gwargwadon yadda ƙa'idar zane ta tanada. Tsagar da ke fitowa tsaye a ƙasan tsakiyar bim ta lanƙwasa ce, wadda ke fitowa a karkace kusa da ginshiƙi kuma ta yanka ce.

Na taɓa zuwa duba wani gini kafin zuba kankare na tarar mai ɗaurin rodi ya jera manyan rodin baranda a ƙasa, domin a duk bim ɗin da ya saba ɗaurawa can suke zama. Sai da aka kwance aka sake. Ko an sa su a sama ma, idan ba a yi musu kujerun da za su riƙe su ba, masu tura baro sukan tattake su su koma ƙasa yayin zubi, sakamakon kuma ɗaya ne.

Akwai wani abu da zane guda ba zai nuna maka ba. A ce tankin da ke D ya ƙare, nauyinsa ya tafi. RA zai zama (180 + 48) ÷ 6 = 38, yanka ya ratsa sifili a mita 2.6, lotsawa kuma ta hau zuwa 57.8 kNm. An rage nauyi amma lanƙwasar cikin tazara ta ƙaru, saboda tankin yana ɗan ɗaga cikin bim ɗin ne kamar mai zama a ɗaya bakin benci. Don haka nauyin da ke zuwa ya tafi ana gwada shi yana nan, a kuma gwada babu shi, a ɗauki mafi muni a kowane wuri. A aikin gaske kuma ana ninka nauyin kafin a fara: ƙa'idar BS 8110, wadda har yanzu ake amfani da ita sosai a Nijeriya, tana ninka nauyin dindindin da 1.4, mai zuwa ya tafi da 1.6, ƙa'idar Turai ta Eurocode kuwa 1.35 da 1.5. Fitar da girman rodi da yawansa daga waɗannan lambobi wani aiki ne dabam, kuma na injiniya mai rajista ne, a Nijeriya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista.

Idan bim ɗinka ya bambanta da wannan

Bim mai kafaffen tushe ɗaya, wanda magina ke kira kantilifa, ba sai ka nemi martani ba tukuna: fara daga bakin da yake sake ka nufi tushe, kuma idan bakin yana dama ka juya zanen ya dawo hagu. Mai mita 2 da 10 kN/m zai ba da yanka 20 kN da doro 20 kNm a tushe. Zanensa ba ya rufewa a sifili da kansa, martanin tushen ne ke rufe shi. Doron wL²/2 ne, ninki huɗu na lotsawar bim mai irin tsawonsa da aka tokare a baki biyu.

Nauyi mai siffar alwatika, irin turin ruwa a jikin bangon tanki, jimillarsa ½ × w × L ce, inda w yake girman nauyin a gefe mai kauri, kuma tana zaune a sulusin tsawon daga gefe mai kauri, ba a tsakiya ba. A nan V ne ke zama baka, hanyar fili ta yi wuya, sai a koma datsa. A kan madogara biyu martanin wL/6 ne a gefe mai tsini, wL/3 a gefe mai kauri, lotsawa mafi girma kuma tana 0.577L daga gefe mai tsinin.

Idan an ɗora wa bim ƙarfin juyi kai tsaye a wuri guda, zanen yanka ba ya tsalle a wurin, hanyar fili kuma ba za ta gan shi ba, sai ka sa shi da hannunka: mai bin hannun agogo yana ɗaga zanen lanƙwasa tsaye da girmansa, mai saɓa masa yana saukar da shi. Kada kuma a manta da shi wajen neman martani. Inda akwai gaɓa mai juyawa a tsakiyar bim, M sifili ne a wurin, kuma wannan ƙarin doka ce da za ta taimaka wajen neman martani.

Bim mai ratsa ginshiƙi uku ko fiye, wanda shi ne ya fi yawa a gidajen bene, dokokin daidaito biyu ba su isa su fitar da martaninsa ba. Sai an fara nemo doron da ke kan madogarar ciki ta hanyar ƙa'idar juyi uku ta Clapeyron, ta shekarar 1857, ko hanyar rarraba juyi da Hardy Cross ya fitar a 1930, ko a ba manhaja irin Ftool ta lissafa. Da zarar an sami doron, kowace tazara ana bin ta da matakan nan takwas. Wanda ya koma manhaja ya fara gwada ta da bim mai tazara biyu masu tsawo ɗaya da shimfiɗaɗɗen nauyi ɗaya: ya kamata ta ba shi doro wL²/8 a kan ginshiƙin tsakiya, martani 1.25wL a wurin, da 0.375wL a kowane baki. Idan lambobin ba su fito haka ba, ya duba irin madogarar da ya zaɓa da ma'aunin da ya shigar, domin haɗa milimita da mita a shigarwa ɗaya yakan sauya amsa da ninki dubu.